Darasi na Tara: Neman Tallafi Daga Gidauniyar Al'umma

A darasin da ya wuce mun koyi rubuta kuɗin shiga da na fita a littafin ma'aji. Yau za mu ga inda wannan littafi yake yin rana.

Ku fara karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sau bibbiyu, sannan ku kwafe su: gidauniya, tallafi, uwar kuɗi, amintattu, sharaɗi, wa'adi, kasafi, rasit, rahoto.

Mece ce gidauniyar al'umma?

Asusu ce da mutanen gari ɗaya ko yanki ɗaya suke zuba wa kuɗi domin amfanin wannan yankin. Ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta attajiri ɗaya ba. Wani ya ba da mai yawa, wani ya ba da kaɗan, wani ya bar mata wasiyya. Kwamitin amintattu ne yake kula da dukiyar, shi ne kuma yake da ta cewa kan ƙungiyoyin sa-kai da za a tallafa wa.

An kafa ta farko a shekarar 1914 a birnin Cleveland na Amurka. Wanda ya kawo shawarar shi ne Frederick Goff, lauya kuma shugaban banki. Abin da ya dame shi shi ne yadda masu hali suke barin wasiyya a kashe dukiyarsu kan wata buƙata, shekaru su shuɗe, buƙatar ta gushe, kuɗi kuma ya zauna babu mai ikon juya shi. Sai ya ce a haɗa irin waɗannan kyaututtuka wuri guda, a ɗora mutanen gari masu rai su riƙa duba inda ake da buƙata a zamaninsu. Chicago ta bi sahu a 1915, New York a 1924. Daga baya abin ya bazu a duniya, har Kenya ta kafa tata a 1997.

Labarin gidauniyar Winnipeg ta ƙasar Kanada ya fi burge ni. Wani mai banki, William Alloway, shi ya kafa ta a 1921 da dala 100,000. Kyauta ta biyu ba ta zo ba sai a 1924, kuma tsabar zinariya ce guda uku, dala 15 ke nan, daga wanda bai faɗi sunansa ba. Duka biyun asusu ɗaya suka shiga.

Uwar kuɗi ba a cin ta

Nan ne zuciyar darasin, don haka mu tafi a hankali. Yawancin dukiyar gidauniya ba a rabar da ita. Juya ta ake yi a hannun jari da makamantansu, kamar dai waƙafi. Abin da ake fitarwa kowace shekara ɗan kaɗan ne, galibi kashi 4 ko 5 cikin 100. Sauran yana nan domin baɗi da baɗin baɗaɗa.

Ku ɗauki fensir. A ce asusun yana da 1,000,000, ko da kuɗin wace ƙasa ne. Kashi 5 cikin 100 nawa ke nan? Amsa: 50,000. To a ce ƙungiyoyi 40 ne suka nema, kowace tana son 5,000. Jimla 200,000. Kun ga ke nan goma kawai za su samu, talatin su koma hannu rabbana, ko da aikinsu mai kyau ne.

Akwai kuma wani abu. Sau da yawa mai kyauta yakan ɗaure kuɗinsa da sharaɗi: wannan na ilimin yara ne, wancan na kula da tsofaffi. Amintattu amana aka ba su. Ba za su ɗauki kuɗin makaranta su ba ku ku sayi motar ɗaukar marasa lafiya ba, komai tausayinku da suka ji.

Kafin ku taɓa fom

Ku nemi takardar sharuɗɗa, ku zauna ku karanta ta tare, layi-layi. Wanda ya fi iya karatu ya karanta, saura su saurara. Abu huɗu za ku nema a ciki: yankin da gidauniyar take wa aiki, irin ayyukan da take tallafa wa, iyakar kuɗin da ake nema, da ranar rufe karɓar takardu. Idan ba a cikin yankinta kuke ba, kada ku wahalar da kanku. Yawancin gidauniyoyi kuma ba sa biyan bashi ko aikin da aka riga aka gama.

Za a tambaye ku takardar rajista, kundin dokokin ƙungiya, sunayen shugabanni, da asusun banki mai sunan ƙungiyar. Na taɓa zama da wata ƙungiya mai aiki tuƙuru, amma kuɗinta duk a asusun shugabanta yake. Mutumin kirki ne, ko sisi bai taɓa ci ba, amma takardarsu ko zagayen farko ba ta wuce ba. Idan ba ku yi rajista ba tukuna, ku tambaya ko an yarda wata ƙungiya mai rajista ta karɓa a madadinku. Wasu gidauniyoyi suna yarda, matuƙar akwai yarjejeniya a rubuce.

In wani abu ya shige muku duhu, ku kira jami'in tallafi na gidauniyar. Aikinsa ke nan, kuma matambayi ba ya ɓata.

Cike fom

Ga tambayar da kusan kowane fom yake yi: "Wane aiki za ku yi, kuma su wa za su amfana?" Ku karanta waɗannan amsoshi biyu.

Ta farko: "Muna so mu kawar da jahilci, mu taimaki al'umma baki ɗaya."

Ta biyu: "Za mu koyar da manya 30 karatu da rubutu, kwana uku a mako, tsawon wata shida. A ƙarshe kowa zai karanta wasiƙa mai shafi ɗaya, ya kuma rubuta amsarta."

Ta farko ta fi daɗin ji, amma ba a iya ƙirga ta. Mai dubawa yana da tarin takardu a gabansa. So yake ya ga mutum nawa, wata nawa, da abin da zai zo ya gani da idonsa in wa'adi ya cika.

Kasafi ma haka. Kada ku rubuta "kayan aiki" ku tsaya. Ku rubuta: littattafai 30, allo ɗaya, alawus ɗin malamai biyu na wata shida, kowane da kuɗinsa a gefe. Ku tara jimla sau biyu, mutum biyu daban-daban. Ku kuma nuna abin da ku kuka kawo, ko da ɗakin karatu ne da aka ba ku aro, ko lokacin 'yan sa-kai. Ku miƙa takarda tun da sauran kwanaki, domin yawanci ta intanet ake turawa yanzu, kuma ranar ƙarshe ce na'ura take ƙin aiki.

Hattara: duk wanda ya ce ku ba shi wani abu domin ya sa sunanku ya fito, ɗan damfara ne.

Bayan an amsa

Idan aka ce a'a, ku yi godiya, ku nemi dalili, ku rubuta shi domin zagaye na gaba. Idan aka ce e, za ku sa hannu a yarjejeniya. Daga ranar, kowane rasit ku manna shi a littafi, ku rubuta kwanan wata a ƙasansa. In kuna so ku canza abin da za a saya, ku nemi izini a rubuce kafin ku kashe, ba bayan kun kashe ba. A rahoto ku faɗi gaskiya. In ɗalibai 30 suka fara, 22 suka gama, ku rubuta 22, ku faɗi abin da ya hana takwas ɗin.

Aikin aji

1. Asusu yana da 400,000, ana fitar da kashi 5 cikin 100 a shekara. Nawa za a raba?
2. Me ya dami Frederick Goff game da wasiyya?
3. Ku zauna uku-uku, ku gyara wannan jimla yadda za a iya ƙirga ta: "Za mu taimaki matasa su sami sana'a."

A zama na gaba kowa ya zo da rasit guda ɗaya daga gida, za mu koyi shigar da shi a littafi.