Darasi na Tara: Abin da Ake Bukata Kafin a Yanka Gona a Gina Rukunin Gidaje

Duk wanda ya san Birnin Kebbi a 1991, shekarar da aka cire jihar daga tsohuwar Jihar Sakkwato, ya san cewa wurare da yawa da ake noma gero da dawa a lokacin sun zama unguwanni a yau. Garin yana ta miƙewa, haka ma Argungu da Jega da Yawuri, kuma ƙungiyoyin ma'aikata da na 'yan kasuwa suna haɗa kuɗi su sayi gona a bakin gari domin kowa ya samu inda zai sa iyalinsa. Wannan niyya ce mai kyau, amma sayen gona daban, samun izinin mayar da ita unguwa daban, kuma wannan darasi a kan na biyun yake magana.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Filin da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne ke ba da izinin zama a kansa, kuma takardar shaidar mallaka ta gidan zama yawanci shekara 99 take ɗauka. Filin karkara kuwa, ƙaramar hukuma ce ke ba da izininsa bisa al'ada. Saboda haka tambayar farko da ƙungiya za ta kai Ma'aikatar Filaye ita ce, shin gonar nan ta faɗa cikin iyakar birni ko ba ta faɗa ba, kuma shin gwamnati ta riga ta ware ta domin wani aiki. Takardar cinikin da mai unguwa da hakimi suka sa wa hannu tana da amfani wajen tabbatar da cewa an yi ciniki a gaban shaidu, kuma bai kamata a raina ta ba, amma ba ta maye gurbin takardar gwamnati. Idan mai fili yana da takardar shaidar mallaka, doka ta ce sai da amincewar gwamna zai sayar ko ya jinginar. Idan kuma gonar gado ce, a tabbatar an raba gadon, ko kuwa dukkan magada sun yarda, har da mata da waɗanda suke zaune a wani gari, domin yawancin shari'un fili daga nan suke tasowa.

Bayan an tabbatar da mallaka, sai a kira safiyo mai lasisi ya auna gonar, ya kafa turakun kankare a kusurwoyinta, sannan masanin tsara birane ya zana taswirar unguwar a kai wa hukuma ta duba. A Kebbi, Hukumar Raya Birane ta jiha, wadda aka fi sani da KUDA, ita ce ke sa ido a kan gine-gine a cikin birane. A nan ne mutane da yawa suke gajen haƙuri, su koma ga awon igiya, inda dillali zai zo da igiya da turaku ya yanka gona gaba ɗaya a wuni guda, ya bar lungun da ko amalanke ba za ta wuce ba.

Bari mu yi lissafi, domin a ga abin da ke jan hankalin masu yin haka. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Fulotin da aka saba yankawa, mai ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo, ya yi kusa da mita 15 sau 30, wato murabba'in mita 450. Wanda bai bar komai ba zai fitar da fuloti 22 daga hekta ɗaya. Wanda ya ware, alal misali, murabba'in mita 3,000 domin hanyoyi da lambatu da filin masallaci da makaranta, fuloti 15 kawai zai samu. Fuloti bakwai ɗin nan da ake ganin an yi asara, su ne hanyar da motar kashe gobara za ta bi, da inda za a kafa turakun lantarki, da inda ruwan damina zai gangara, kuma da su ne za a iya fita da mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan gidaje sun riga sun tashi, faɗaɗa hanya ba ya yiwuwa sai an rushe katangar wani.

Maganar ruwa ita ce ta fi damun mai wannan rubutu, domin jiharmu ƙasar fadama ce, Gulbin Rima ya ratsa ta, Kogin Kwara kuma ya bi ta Bagudo da Yawuri. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa da gidaje da gadoji a sassa da dama na jihar, kuma waɗanda suka gani ba su manta ba. Filin da ya yi araha a watan Maris, lokacin da ko'ina ya bushe, a koma a duba shi a watan Agusta kafin a biya kuɗi. A tambayi tsofaffin manoman wurin inda ruwa yake kwanciya da inda yake bi, domin sun fi kowa sani, kuma kada a cike kududdufi ko a toshe kwari a ce an samu ƙarin fuloti, don ruwan zai nemi hanya ta cikin ɗakunan mutane. A cikin kowane gida kuma, a nisanta rijiya da masai da aƙalla mita 30 inda fili ya ba da dama, a kuma yi shawara da maƙwabci, tun da masansa yana iya faɗowa kusa da rijiyarku.

Akwai wuraren da ba a gini a kansu ko da mutum yana riƙe da takarda. Babban layin lantarki mai ƙarfin kilobolt 330 da ya taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi yana da haramin mita 50, wato 25 a kowane gefe, mai 132 kuma mita 30. Haka nan ana barin gefen babbar hanya, da burtalin shanu, da maƙabarta. Rukunin gidajen da ya kai hekta 50 ko fiye, dokar tarayya ta 1992 ta wajabta a yi nazarin illarsa ga muhalli kafin a sa harsashi.

Ko bayan an amince da taswirar unguwa, kowane mai fuloti zai kai zanen gidansa a buga masa hatimi kafin ya fara haƙa. A biya kowane kuɗi ta hanyar da gwamnati ta tanada, a karɓi rasit, a adana shi tare da sauran takardu inda gara da ruwa ba za su kai ba. A sani kuma cewa idan gwamnati ta karɓi fili domin aikin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da amfanin gona da sauran abin da aka yi a kan filin, ba ta ƙasar kanta ba.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya auna faɗin layin da ke ƙofar gidansa da taku, ya rubuta adadin a littafinsa, ya kuma rubuta jimla biyu a kan inda ruwan sama yake bi idan ya fita daga gidan. Sannan ya lissafa fuloti nawa za a samu a gona mai hekta biyu idan an ware murabba'in mita 6,500 domin hanyoyi da lambatu da makaranta.