Yadda na gyara tsiron kunun zaƙina

Sau biyu ina jiƙa dawa don tsiron kunun zaƙi, kwana uku ko ƙwaya ɗaya ba ta tsaga ba, sai wari. Na zargi ruwa, na zargi sanyi, ashe tsohuwar ajiya aka auno min. Da na fasa ƙwayar da haƙori, cikinta duk gari, ƙwari sun gama da ita.

Yanzu kafin in sayi tiya, gwangwani ɗaya nake fara karɓa. In jiƙa ta kwana, in tsane, in shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhun algarara, ina yayyafa ruwa safe da yamma. Idan ta fito da farin gemu cikin kwana biyu, sai in koma wurin mai hatsin. Citta da kanumfari kuwa, hancina ya ishe ni.