Yadda Malamin Kwaleji Zai Yi Aiki a Kwamitin Koyarwa ta Intanet

Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, manyan makarantu da dama suka kafa kwamitocin koyarwa ta intanet. Idan shugaban kwalejinka, a Gusau take ko Maru ko Argungu ko Birnin Kebbi, ya aiko maka da takardar naɗi cikin irin wannan kwamiti, ga matakan da nake ganin za su sa zamanka ya amfani ɗalibai.

Ka fara da karanta sharuɗɗan aikin da kyau, domin ka san ko shawara kawai aka ɗora muku ko har da tsara kashe kuɗi, da kuma wanda za ku miƙa wa rahoto. Ka nemi ƙa'idojin hukumar da ke sa ido a kanku, wato NCCE ga kwalejojin ilimi, NBTE ga kwalejojin kimiyya da fasaha, kada ku tsara abin da zai saɓa wa manhaja.

Mataki na biyu shi ne ya fi kowanne nauyi, kuma shi aka fi tsallakewa. Kafin a ambaci sayen ko da kwamfuta ɗaya, ka shiga aji ka tambayi ɗalibanka: wace irin waya ke hannunsu, nawa suke iya kashewa kan data a mako, kuma ina suke yin caji? Za ka tarar da wanda yake kai wayarsa shagon caji da safe, ba ya karɓo ta sai bayan la'asar, da matar aure wadda ba ta samun waya sai maigida ya dawo daga kasuwa, da wanda sai ya fita bakin titi kafin saƙo ya shigo masa. Ka rubuta amsoshin nan ka kai zaman kwamiti, domin malamin aji ne kaɗai ke iya kawo su. Mutanen Zamfara kuwa ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Duk tsarin da zai tsaya cak ranar da babu sabis, bai dace da mu ba.

Sai zaɓen dandali. Moodle kyauta ne, kuma manhajarsa ta waya tana barin ɗalibi ya sauke darasi ya karanta daga baya ba tare da intanet ba, amma yana buƙatar ma'aikaci mai kula da shi kullum. Google Classroom ya fi sauƙin kafawa. WhatsApp kowa ya iya shi, sai dai darasi yakan nutse cikin gaisuwa da sanarwar biki, don haka a bar shi ga sanarwa. A ra'ayina, taƙaitaccen rubutu a PDF tare da muryar malami ta minti 10 ya fi lacca kai tsaye ta Zoom amfani, saboda bidiyo yana cinye data, kuma wanda sabis ya yanke masa a tsakiya ya yi asarar darasin gaba ɗaya.

Kada ku ɗora wa dukkan sassa lokaci guda. Ku gwada da kwas ɗaya na zango ɗaya, ku ƙirga waɗanda suka buɗe darasi da waɗanda suka miƙa aikin gida, sannan ku bi sawun waɗanda ba a ji ɗuriyarsu ba. Aikin bita da na ɗakin gwaji da koyon koyarwa a makarantu, waɗannan a bar su ido da ido.

Wajen horar da malamai, ka bi da dattawa cikin girmamawa. Malamin da ya shekara 30 da alli a hannu ba zai so a kunyata shi gaban ƙannensa ba, amma idan ka same shi a ofis ka nuna masa yadda zai naɗi muryarsa ya tura, yawanci yakan karɓa. Idan kuma aka zo rubuta buƙata zuwa TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ka dage a sa sola da batura gaba da ƙarin kwamfutoci, domin ɗakin da babu wuta kullum a kulle yake.

Jarrabawa a yi ta a harabar makaranta ƙarƙashin kulawa, ko da a kan kwamfuta ce kamar yadda JAMB ta koma yi gaba ɗaya tun 2015. Ka kuma tunatar da kwamiti cewa dokar kare bayanai ta 2023 ta shafi lambobin waya da sakamakon ɗalibai, saboda haka ba a watsa su a zauren da kowa ke gani.

A kowane zama ka tabbatar an rubuta abin da aka yanke, da sunan wanda zai aiwatar, da ranar da zai kawo bayani. Ka adana takardar naɗinka da kwafin rahoton ƙarshe a fayil ɗinka, domin ana duba irin wannan hidima lokacin ƙarin girma.