Rikici da ƙungiyar masu gidaje a Amurka: nemo takarda, biya kuɗin, sannan ka yi faɗanka

Duk wanda ya sayi gida a Amurka cikin unguwar da ke da ƙungiyar masu gidaje, wadda kowa ke kira HOA, akwai ranar da wasiƙarsu za ta ɓata masa rai. Ko sun ƙara kuɗin shekara, ko sun ci shi tara saboda ciyawar ƙofar gida ta yi tsawo, ko kuma kwatsam su ce kowane gida ya kawo dala 2,000 za a sake katangar unguwa. Abin da zuciya ke fara rayawa shi ne, "Ni ban shiga ƙungiyarku ba, ba zan biya ba." Na riƙe ma'ajin irin wannan ƙungiya a Teksas, littafin bashi ya ratsa hannuna, shi ya sa nake roƙonka, ɗan'uwa, kada ka fara da ƙin biya. Yawancin waɗanda na ga sun shiga uku, da gaskiyarsu suka soma rigimar.

Aikinka na farko shi ne ka gano ko da gaske dole ne ka zama mamba. Amsar ba ta bakin shugaban kwamiti, tana ofishin rajistar filaye na gundumarku. Kafin maginin unguwa ya sayar da gida ko ɗaya, yakan yi rajistar wata takardar sharuɗɗa da ake kira CC&R, kuma sharuɗɗan nan filin suke bi, ba mutum ba. Ranar da ka karɓi takardar mallaka, ranar ka zama mamba, ko ka karanta ko ba ka karanta ba. Tun 1938 babbar kotun jihar Niyu Yok ta tabbatar da haka a shari'ar Neponsit, inda ta ce alƙawarin biyan kuɗin kula da tituna da wuraren tarayya yana hawa kan duk wanda filin ya faɗo hannunsa. Saboda haka "ban sa hannu ba" ba hujja ba ce. "Yarana ba sa zuwa wurin ninƙaya" ma haka.

Ka ɗauko takardar mallakarka, ka kwafi sunan unguwar da lambar fili da lambar rukuni kamar yadda aka rubuta. Da su za ka nemi CC&R ɗin a ofishin magatakardan gunduma, da dukkan gyare-gyaren da aka yi mata daga baya. Gundumomi da yawa sun sa su a intanet. Ka duba kuma takardar inshorar mallaka da aka ba ka ranar kammala ciniki, akwai shafin da ya lissafa duk wani sharaɗi da ke kan filin. Idan sun zo hannunka, ka zauna da biro ka nemi amsa: shin filinka yana cikin waɗanda takardar ta ambata? Manyan unguwanni kashi-kashi ake gina su, kuma yakan faru a manta ba a shigar da wani kashi ba. Shin ta faɗa ƙarara cewa zama mamba tilas ne, kuma ƙungiya na da ikon sa kuɗi? Tana da wa'adi? Kashi nawa na masu gidaje ake buƙata kafin a sauya ta? Akwai tsofaffin unguwanni da ƙungiyarsu ta ganin dama ce kawai, amma sai su aiko da takardar neman kuɗi mai tambari da ranar ƙarshe, wanda bai sani ba ya ɗauka umarni ne. Irin wannan, in ka ga dama ka bayar, in ba ka gani ba babu mai taɓa gidanka.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne idan ka sayi gida babu tilas, daga baya maƙwabta suka kaɗa ƙuri'a suka mai da shi tilas. A nan jihohi ba su yi magana da murya ɗaya ba. A Kolorado, cikin 2003, kotun ƙolin jihar ta goyi bayan ƙungiyar Evergreen Highlands, wadda kashi 75 cikin 100 na masu filayenta suka amince a mai da biya dole, aka kuma ɗora shi har a kan wanda bai yarda ba, tunda takardar asali ta ba da damar gyara. A Karolina ta Arewa kuwa, cikin 2006, kotun ƙoli ta soke irin wannan gyara a shari'ar Armstrong da ƙungiyar Ledges. Can abin da masu gidaje suka ɗauka tun farko bai wuce kasonsu na kuɗin wutar da ke haska allon shiga unguwa ba, sai ƙungiya ta buɗe wa kanta ƙofar sa kuɗi kan kusan komai. Kotu ta ce gyara dole ya yi daidai da hankali da kuma abin da aka ƙulla tun asali. Fulorida kuma tana da wata doka da ke iya kashe tsofaffin sharuɗɗan fili bayan shekara 30 idan ƙungiya ba ta sabunta rajistarsu ba, ko da yake akwai hanyar farfaɗo da su. Idan rigimarka ta wannan fanni ce, kuɗin ganin lauyan filaye na awa ɗaya ba asara ba ne. Ka je masa da takardun a jere bisa kwanan wata, kada ka je da labari kawai.

To, a ce ka duba ka ga kana ciki dumu-dumu. Ka biya kuɗin da aka saba biya, ko da kana ganin kwamitin bai tsinana komai ba. Kotuna galibi ba sa karɓar "ba su gyara fitilar titi ba" a matsayin dalilin riƙe kuɗi, suna ɗaukarsu maganganu biyu daban. Na ga shafin wani maƙwabcina, mutumin kirki, wanda ya riƙe dala 600 saboda ruwan sama na kwanciya a bayan katangarsa an ƙi gyara magudana. Layin farko dala 600. Ƙarƙashinsa tarar jinkiri, sai kuɗin ruwa, sai kuɗin wasiƙar gargaɗi daga kamfanin da ke gudanar mana da unguwa. Daga ranar da fayil ɗin ya koma hannun lauya, kowace wasiƙa da kowane kiran waya suka zama sabon layi, har kuɗin lauya ya ninka asalin bashin. Allura ta tono garma, magudanar kuma tana nan yadda take. Ranar da ya zo zama riƙe da hotunan ruwan, babu wanda ya musa masa, amma ikon yafe kuɗin lauya ya riga ya yi mana wuya, domin in mun yafe, sauran maƙwabta ne za su biya.

Ƙarshen wannan hanya gwanjon gida ne, kuma ba barazanar baki ba ce. Ƙungiya tana iya yin rajistar bashinta a kan gidanka, daga nan ta nemi a sayar. A 2001 wata tsohuwa mai shekara 82 a Houston, wadda mijinta ya rasu, ta rasa gidanta a kan bashin da bai kai dala 1,000 ba. An mayar mata daga baya, kuma a shekarar majalisar Teksas ta kafa dokar kare masu gidaje, babi na 209 na kundin dokokin kadara. A Nebada, hukuncin kotun ƙoli na 2014 ya nuna gwanjon ƙungiya a kan kuɗin mamba na watanni 9 yana iya shafe har jinginar banki. Abin da ya iya kayar da banki, kai ma ka ji tsoronsa.

Yadda za ka biya ba tare da ka sallama haƙƙinka ba: ka haɗa kuɗin da wasiƙa, ka rubuta cewa ka biya ne kana jayayya, ka faɗi abin da kake jayayya a kai cikin layi biyu ko uku, ka aika ta gidan waya da rajista domin ka sami shaidar an karɓa. Ka bambanta kuɗin mamba da tara, don doka ba ta ɗauke su ɗaya ba. A Teksas da Kolorado ba a gwanjon gida a kan tara zalla. A Kalifoniya, ƙarƙashin dokar Davis-Stirling ta 1985, ba a gwanjon gida sai asalin bashin ya kai dala 1,800 ko ya wuce wata 12. Teksas da Kalifoniya duk sun wajabta a fara zuba abin da ka biya a kan kuɗin mamba kafin sauran caje-caje, saboda haka ka nemi cikakken shafin lissafinka ka tabbatar an yi hakan. Wasu kamfanonin gudanarwa sukan fara cike gurbin tara, su bar ka da bashin da zai iya cin gida.

Bayan haka sai ka juya kan kwamiti. A rubuce ka nemi kasafin kuɗin shekara, da bayanan zaman da aka yanke ƙarin, da shaidar an aiko da sanarwa a kan lokaci. A Kalifoniya kwamiti ba ya iya ƙara kuɗin mamba fiye da kashi 20 cikin 100 a shekara, ko ya sa kuɗi na musamman da ya haura kashi 5 cikin 100 na kasafi, sai da ƙuri'ar mambobi, in ba a halin gaggawa ba. Can kana iya biya da jayayya ka wuce kotun ƙananan ƙararraki. A Teksas, in an aiko maka da sanarwar tara, kana da kwana 30 ka nemi a saurare ka. Ka nema, ka je, ka yi magana a natse. 'Yan kwamiti maƙwabtanka ne masu aikin sa kai, kuma na ga an janye tara da yawa don kawai mutum ya zo da hoto da kwanan wata.

Idan kuwa matsalar rashin kuɗi ce, kada kunya ta sa ka ajiye wasiƙu ba ka buɗe ba. Ka nemi tsarin biya kaɗan-kaɗan tun fayil bai bar ofis ba. Teksas ta tilasta wa ƙungiya mai fili sama da 14 ta bayar da aƙalla wata uku, dokar Kolorado ta 2022 ta ba da wata 18. In har ya kai ga mai karɓar bashi, dokar tarayya ta 1977 ta ba ka kwana 30 ka ƙalubalanci bashin a rubuce, su kawo hujja.

Mai shirin saye kuma ya nemi takardar da ke nuna ko ana bin gidan bashi kafin ya sa hannu, domin a Fulorida sabon mai gida yana tarayya da tsohon wajen ɗaukar abin da ya bari. Ya duba asusun ajiyar ƙungiya. Unguwa mai tsohuwar katanga da asusu wayam, kuɗi na musamman yana tafe ko yau ko gobe.

Shi kuma ƙarin da ka ga zalunci ne amma bai karya doka ba, maganinsa zaɓe. Ka karanta dokokin cikin gida na ƙungiya ka ga sa hannun mutum nawa ake buƙata don kiran taro na musamman ko tsige kwamiti, ka bi gida-gida ka tara takardun wakilci daga waɗanda ba za su iya zuwa ba. Sai dai ka tabbatar babu ko sisi a kanka kafin ranar, domin a wasu jihohi, kamar Fulorida, wanda ake bi bashi ba ya tsayawa takara, kuma ana iya dakatar da ƙuri'arsa in bashin ya wuce kwana 90.