Yadda ake magance gargaɗin tsarin ƙunshi a vSAN bayan ɗaukaka ESXi

vSAN manhajar VMware ce da ke haɗa faifan sabobin ESXi, wato sabobin da ke ɗauke da kwamfutocin kwaikwayo, su zama ma'ajiya ɗaya. Duk wanda ya ɗaukaka sabobinsa daga vSAN 6.7 zuwa 7.0 Update 1 ko abin da ya biyo baya, da wuya ya tsira daga ganin alamar rawaya a shafin Skyline Health na vCenter, manhajar da ake sarrafa sabobin da ita, a gwajin da aka sa wa suna vSAN object format health. Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, wannan gargaɗi ba ya nufin bayanai sun lalace, kuma kwamfutocin kwaikwayo, waɗanda ma'aikata ke kira VM, za su ci gaba da aiki ko da an bar shi na makonni. Saboda haka babu dalilin gaggawa, a ganina ma gaggawar ce ta fi gargaɗin haɗari.

vSAN ba ya ajiye faifan VM a dunƙule. Yana ɗaukarsa a matsayin ƙunshi, wato object a Turance, ya yayyanka shi yanki-yanki, kowane yanki bai wuce gigabait 255 ba, sannan ya rarraba kwafinsu a sabobi daban-daban bisa ƙa'idar ajiyar da aka ɗora masa. Daga 7.0 Update 1, wanda ya fito a watan Oktoba na 2020, an sauya yadda ake shimfiɗa ƙunshin da ya wuce wannan girma, ta yadda idan za a sake gina shi ko a canza masa ƙa'ida, vSAN zai bi shi kashi-kashi maimakon ya nemi wurin da zai ɗauki cikakken kwafinsa a lokaci guda. Ƙunsoshin da aka ƙirƙira kafin ɗaukakawar suna nan a tsohon tsari, kuma su ne gargaɗin ke magana a kai.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne haɗa wannan da tsarin faifai, alhali abubuwa biyu ne, kuma na faifai ne ke gaba. Tsarin faifai yana da lamba: 10 a 6.7 Update 3, 13 a 7.0 Update 1, 14 a Update 2, 15 a Update 3. A fara tabbatar da cewa vCenter bai kasa sabobin a siga ba, kuma dukkan sabobin rukunin suna kan siga ɗaya, har da sabar shaida, wadda ke raba gardama tsakanin ɓangarorin, idan rukunin ya ratsa wurare biyu, domin ita ce aka fi mantawa da ita. Bayan haka a gudanar da binciken share fage da ke shafin Configure, sannan a ɗaukaka faifan. Idan tsarin da ake kai ya kai lamba 3 ko ya wuce, yawanci bayanan kula da faifan kawai ake sabuntawa, ba a kwashe komai. Sai dai wannan mataki ba ya komawa baya: da zarar an ɗauke shi, tsohuwar sigar ESXi ba za ta iya karanta faifan ba, don haka kwafin ajiya da aka gwada dawo da shi ya zama wajibi tun kafin a taɓa komai.

Idan binciken ya tsaya, sau da yawa ƙunshin da ba a iya kaiwa gare shi ne sanadi. A shiga ɗaya daga cikin sabobin ta SSH a rubuta esxcli vsan debug object health summary get, wanda zai nuna adadin masu lafiya da marasa lafiya, sannan esxcli vsan debug object list ya fitar da lambar UUID ta kowane ƙunshi da VM ɗin da ya mallake shi. Galibin marasa lafiyar ragowar fayilolin vswp ne, wato fayilolin wucin gadi na ƙwaƙwalwar VM da aka goge tuntuni, amma kada a ɗauka haka ne ba tare da dubawa ba. Manhajar objtool da ke /usr/lib/vmware/osfs/bin tana nuna bayanin ƙunshi da umarnin getAttr, tana kuma iya goge shi, kuma abin da ta goge ya tafi ke nan har abada. Wanda yake da kwangilar tallafi gara ya bar masu tallafin su tabbatar masa kafin ya goge ko da guda ɗaya.

Sai an gama wannan ne ake komawa Skyline Health a danna maɓallin Change Object Format. Wannan aikin kuwa yana motsa bayanai na gaske, domin sake shimfiɗa manyan ƙunsoshi ake yi, abin da ke cin wurin wucin gadi, ya kuma ɗora nauyi a kan faifai da hanyar sadarwa. Tsohuwar shawarar VMware ta barin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na ma'ajiya babu komai tana da amfani a nan, musamman a rukuni mai sabobi uku, inda kwafi biyu da shaida suka riga suka mamaye kowace saba. A zaɓi dare ko ƙarshen mako, a tabbata babu sabar da ke yanayin gyara, kuma babu wani aikin daidaita kwafi da ke gudana.

Ana bin ci gaban aikin a shafin Resyncing Objects, ko da umarnin esxcli vsan debug resync summary get. Idan adadin bayanan da suka rage yana raguwa, ko da a hankali ne, a ƙyale shi, kada a sake kunna wata saba. Idan ya tsaya cak na sa'o'i, a duba ko wani faifai ya kusa cika, ko kuma ƙa'idar ajiyar ƙunshin tana neman sabobin da rukunin ba shi da su, kamar ƙa'idar RAID-6 da ke buƙatar sabobi shida. Kwashe wasu VM zuwa wata ma'ajiya ko goge tsofaffin hotunan snapshot yakan buɗe wurin da ake bukata. Bayan daidaitawar ta kammala a danna Retest, domin shafin ba ya sabunta sakamakonsa nan take.