Yadda ake kunna murhun itace na ɗumama gida ba tare da hayaƙi ya cika ɗaki ba

Duk wanda ya kafa murhun ƙarfe a gidansa, a makon farko murhun yake ɗora wa laifi. Sai ka ji yana cewa ba ya jan hayaƙi, ko gilashin ƙofar ya yi baƙi ƙirin cikin kwana biyu. Na sha ganin haka, kuma kusan kullum abu biyu ne: ɗanyen itace, da gaggawar rufe iska.

Itacen da aka sare yau kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Wanda murhu yake so shi ne wanda damshinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Mara tauri yakan bushe cikin wata 6 zuwa shekara, mai tauri kuwa har shekara 2 yake kaiwa. A faskara shi da wuri, a ɗaga shi daga ƙasa, a rufe sama kawai, a bar gefe iska tana ratsawa. Ka gwara faskare biyu: busasshe ƙara yake yi ƙwas, ɗanye kuwa dum. In ka ga bakin itace yana tsiyayar kumfa a cikin wuta, bai isa ƙonawa ba. Akwai 'yar na'urar auna damshi, ba ta da tsada, ta kuma fi canki-canka.

Ni daga sama nake kunnawa, kuma ban yarda da wata hanya ba. Ka buɗe duk mashigan iska. Ka bar toka mai kaurin santimita 2 a ƙasa. Ka kwantar da faskare uku masu kaurin damtse, da tazarar yatsa a tsakaninsu, ka gitta sirara a kansu, sannan ƙirare kamar goma a can sama. Nan za ka sa ashana. Wutar da ke sama ita ke cinye hayaƙin da na ƙasa ke fitarwa yayin da suke ɗaukar zafi. Fetur da kananzir kada su kusanci wurin.

Kafin ashanar, duba bututun hayaƙi. Idan ya kwana biyu ba wuta, iska mai sanyi ce cike da shi, tana da nauyi, ƙasa take dannowa. Ka murɗa takardar jarida, ka kunna, ka riƙe ta a bakin bututun daga cikin murhu na minti ɗaya. Da harshen wutar ya miƙe sama, hanya ta buɗe. Ka kashe fankar da ke zuƙe iskar kicin, ka ɗan sassauta taga.

To, ga inda ake faɗuwa. Wuta ta kama, tana ci balbal, sai zuciya ta ce ai itace zai ƙare, bari in rage iska. Kada ka taɓa. Minti 15 zuwa 20 na farko na ɗumama ƙarfen murhu da bututu ne, ba na ɗumama kai ba. A shekarata ta farko na rufe iska bayan minti biyar. Ina kallo harshen wuta ya koma ja, ya kwanta, ya ɓace, hayaƙi mai launin ƙasa ya lulluɓe gilashi. Da na buɗe ƙofa sai ya bulbulo cikin ɗaki, labule ya yi mako yana ƙauri. Wannan hayaƙin shi ne yake daskarewa a jikin bututu mai sanyi, ya zama baƙar kwalta mai sheƙi. Ranar da ta kama wuta, zafinta kan haura digiri 1,000, kuma ta haka gobara ke cin rufin gida.

Ka jira sai itacen ƙasa ya yi baƙi ko'ina, wuta tana rawa fes a kansa, sannan ka rage iska kaɗan-kaɗan. In wuta ta yi lakwas, ka mayar. Ma'aunin zafi mai maganaɗisu da ake mannawa a bututu yana taimakawa, wajen digiri 150 zuwa 250 ake nema. In babu, fita ka ɗaga kai: murhu mai ci daidai kusan ba a ganin hayaƙinsa.

Ƙari kuma a kan garwashi ake yi. Jawo shi gaba, ɗora faskare biyu, buɗe iska minti biyar. Ban da itace mai fenti, ban da roba da falawud. Kada a cusa itace a toshe iska wai don wuta ta kai asuba. Toka sai bokitin ƙarfe mai murfi, a waje, domin garwashi yakan yi kwanaki da rai a cikinta. A share bututu aƙalla sau ɗaya a shekara, a kuma rataye na'urar gargaɗin kabon monoksaid, iska mai guba da wuta ke fitarwa, a ɗakin, tunda ba ta da wari balle launi.