Tafiya waje da tsohon ciki: abin da za ki duba a inshora kafin a yanki tikiti

Idan cikinki ya haura wata shida kuma ana shirin zuwa hutu Dubai ko Masar ko Landan, ko Umara ma, to 'yar uwa ki ajiye zancen akwati da tsaraba tukunna, ki ɗauko katin awonki ki duba sati nawa kike. Sati nace ba wata ba, saboda kamfanin jirgi da kamfanin inshora duk da sati suke lissafi, babu mai karɓar "ina jin dai na shiga na bakwai". Kuma ranar dawowa za ki ƙirga, nan ne mata da yawa suke shiga matsala. Mace ta tashi daga Kano tana sati 33, an shirya za a yi wata guda, ranar dawowa ta kai 37, a filin jirgi a ce ba za ta hau ba, shikenan sai haihuwa a ƙasar mutane ba tare da an shirya mata ba.

Yawancin manyan jirage suna tsayawa ne a sati 36 idan ɗa ɗaya ne, idan 'yan biyu ne kuma 32. Emirates da Qatar Airways daga sati 29 sai kin nuna takardar likita, Turkish Airlines daga 28 suke nema. Takardar ta faɗi satin da kike, ranar da ake sa ran haihuwa, ɗaya ne ko biyu, kuma cikin lafiya lau yake za ki iya tafiya, da sa hannu da hatimin asibiti. Wasu jiragen ba sa karɓar wadda ta daɗe, to ta yiwu ki buƙaci sabuwa a can kafin ki juyo, wannan ma kuɗin ganin likita ne ki saka shi a lissafi. In za a canza jirgi a hanya kuma kamfanin daban ne, shi ma ki shiga shafinsu ki karanta dokarsu da idonki, kar ki tsaya a kan "ejan ya ce ba komai".

To sai inshora, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan.

Takardar nan mai shafi ɗaya da ejan yake turo miki ta WhatsApp, mai ɗauke da sunanki da lambar fasfo da ranakun tafiya, shaida ce kawai cewa an biya. Sharuɗɗan suna cikin wata doguwar takarda mai ƙananan rubutu da ba kowa ake turo wa ba sai ya nema. Ki nema. Mutanenmu da yawa suna yankar inshora ne don ofishin jakadanci ya ce dole, misali bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai ba a bayarwa sai da inshorar da ta kai Yuro 30,000, sai a nemi mafi araha a liƙa a takardu, biza ta fito kowa ya manta da ita. Ga mai lafiya ƙalau da ya je sati biyu ya dawo wataƙila ta wadatar, amma ke mai ciki sai ki buɗe ki tarar an jera ciki da haihuwa a cikin abubuwan da ba sa biya gaba ɗaya, ko kuma sun ce suna biya amma sun yanke wani sati da kin riga kin wuce shi.

Abin da ya kamata ki fahimta shi ne a wajen masu inshora haihuwa ba ciwo ba ne kuma ba tsautsayi ba ne, abu ne da aka san yana tafe, don haka yawancinsu ba sa biyan haihuwar da ta zo a kan lokacinta lafiya lau. Waɗanda suke taɓa batun ciki, matsalar da ta faɗo ba zato suke biya, kamar zubar jini, jijjiga, hawan jini mai tsanani, naƙuda tun lokaci bai yi ba, tiyatar gaggawa. Shi ma kowane kamfani da jerin abin da ya yarda ya kira matsala. Saboda haka ki tura musu saƙo a rubuce, ta imel ya fi, ki ce ga satin da zan tafi ga satin da zan dawo, har zuwa sati nawa kuke biya, kuma nawa ne iyakar kuɗin. Amsar baki a waya ba za ta amfane ki ba ranar da ake jayayya a kan kuɗin asibiti.

Sai babbar tambaya, wadda wallahi ita ce ta fi damuna domin kusan ba mai yin ta: idan jaririn ya zo a can, shi ma yana ciki? Inshorar da sunanki aka yanka, jaririn ba ya cikin jerin matafiya tunda lokacin ba a haife shi ba, kuma akwai kamfanonin da za su biya kuɗin tiyatarki tsaf su ce na ɗan babu ruwansu. Alhali kuɗin yana wajensa. Ke bayan kwana uku ko biyar an sallame ki, shi kuwa bakwaini da aka haifa a sati 30 ko 31 zai iya yin makonni a kwalba, ana ba shi iska, ana ciyar da shi ta siririyar roba a hanci, kowane dare ana rubuta kuɗi da Dirhami ko Fam ko Dala, ga ki da Naira a asusu. Ga kuɗin masaukinki kusa da asibiti, ga canjin tikiti, ga maigida ko wadda ta rako ki su ma dole su ƙara kwana. Ki tambaya ɗaya bayan ɗaya: kwalba, ƙarin kwanan masauki, canjin tikiti, da dawo da ku gida da rakiyar ma'aikacin lafiya idan likita ya ce sai da hakan. In suka ce jariri ba ya ciki, a ganina wannan inshorar ba ta mai tsohon ciki ba ce, ko ki nemi wata ko a ɗage tafiyar.

Kar ki ɓoye komai a fom. Na san halinmu da kunyar zancen ciki, musamman na fari, wata ko a gidansu ba ta iya buɗe baki ta faɗa balle ga wani baƙo a ofis, amma nan ba wajen kara ba ne. In kina da hawan jini, ko suga, ko sikila, ko an taɓa miki tiyata a haihuwar baya, ko kin taɓa ɓari, ko hoto ya nuna mabiyiya ta sauko ƙasa, ki rubuta. Ranar da za su biya kuɗi mai yawa sai sun nemi bayanan asibitinki, suka ga abin da ba ki faɗa ba suna iya soke komai. Haka in likitanki ya ce kar ki yi tafiya kika tafi, yawanci ba za su biya ba. Ni dai in likita ya hana, zancen ya ƙare.

Masu jin nauyin inshora ta fuskar addini, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, a Najeriya masu lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, ki tambaye su ko suna da na tafiya, sannan ki jera musu tambayoyin nan dai, sunan takaful kaɗai bai nuna an saka ciki a sharuɗɗan ba. Katin NHIA, wato inshorar lafiya ta gwamnati, ko na wajen aikin maigida kuwa na asibitocin gida ne, kar ki dogara da shi a waje sai in an rubuta miki ƙarara cewa yana aiki a can.

Masu zuwa Ingila akwai wani zance da ke yawo cewa ai asibiti kyauta ne. Ga mai bizar ziyara ba haka ba ne. Ba za su kori mai naƙuda don ba ta da kuɗi ba, za su karɓi haihuwar, amma takardar biya tana biyowa baya, kuma baƙo ana cajinsa kashi 150 cikin ɗari na farashin NHS, wato asibitocin gwamnatinsu. Bashin da ya kai Fam 500 aka bar shi wata biyu ba a biya ba ana kai rahotonsa ga hukumar shige da fice, yana iya hana ki biza nan gaba. Sannan tun 1983 haihuwa a Ingila kaɗai ba ta ba yaro takardar ɗan ƙasa. Masu Umara kuma akwai inshorar gaggawa da take haɗe da kuɗin biza, alhamdulillahi tana taimakawa, amma ita ma tana da iyaka, ki sa ejan ya ba ki bayaninta ki ga me ta ce a kan haihuwa. Ki kuma yi wa kanki adalci a kan cunkoson ɗawafi da sa'ayi, balle a goman ƙarshe na azumi, akwai keken turawa, amfani da shi ba ya rage miki komai. Hajji dama hukumar alhazai tana gwajin ciki kafin tashi, kar a yi dabarar kauce masa.

In komai ya daidaita za a tafi, ki saka katin awo, hotunan ciki, sakamakon gwajin jini mai nuna rukunin jininki, maganinki a kwalinsa, takardar likita da takardar inshora duk a jakar hannu, kar a jefa su a kayan awo su bi wani jirgin. Ki ɗau hotonsu a waya ki tura wa maigida da wata 'yar uwa a gida. Ki tafi da takardar aure ma, domin a ƙasashen Larabawa ana iya neman ta wajen yi wa jariri takardar haihuwa, kuma sai an sami takardar haihuwar sannan ofishin jakadancin Najeriya zai ba shi takardar tafiya. A jirgi ki nemi kujerar bakin hanya, ki riƙa tashi kina ɗan takawa, ki sha ruwa sosai, bel kuma a ƙasan ciki ake ɗaura shi, ki tambayi likita batun safar nan mai matse ƙafa saboda daskarewar jini.

Da kin sauka, tun kina lafiya, ki nemi asibitin haihuwa mafi kusa da masaukinki wanda yake da sashen jarirai, ki tabbatar layinki yana iya kira. Motar asibiti a Saudiyya 997 ce, Dubai 998, Masar 123, Ingila 999, ƙasashen Tarayyar Turai 112. Kika ga jini, ko ruwa ya fashe, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko motsin ɗan ya ragu, asibiti kai tsaye, kar a tsaya jiran gari ya waye. Wanda yake tare da ke ya kira lambar gaggawa da ke jikin takardar inshora tun kuna hanya, ya karɓi lambar fayil ya rubuta, domin wasu kamfanonin in ba a sanar da su da wuri ba sai su ƙi biyan asibitin kai tsaye, su ce ku biya tukunna daga baya su mayar muku. Duk rasit da aka ba ku, har na kantin magani da na tasi zuwa asibiti, ki adana, kuma kar ku bar asibitin sai an ba ku rahoton likita a rubuce da Turanci.